Ranar da Na Kira Sunanta a Bakin Boda

Sati biyu ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in aka buga ƙyauren gida da ƙarfi sai in zabura in miƙe. Mutanen gida kuwa dariya suke yi in an tuna. Ƙannen maigidana har wasan kwaikwayo suka mai da shi, ɗaya ta zama mai kaki, ɗaya ta zama ni. Ina taya su dariyar, don abin dariya ne, ban musa ba. Sai dai ina yi ina leƙen zaure in ga ko yarinyar tana nan.

Yarinyar ɗiyata ce, ɗiyar fari, shekararta huɗu da 'yan watanni. Na rubuta "ɗiyata" yanzu na tsaya ina kallon kalmar. Kafin ranar nan ban taɓa furta ta a gaban mutane ba.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san dalili. Ɗan fari ba a nuna shi. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta ɗaukarsa ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bari wani ya ɗaga shi. Haka uwarmu ta yi wa yayanmu, haka na buɗe ido na ga ana yi. Tawa kunyar kuma biyu ce, domin sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar. Ko da ba ta fari ba ce, ina ni ina kama sunan surukata? Da aka yaye ta, ɗakin tsohuwar aka kai ta, can take kwana har yau. Tsohuwar take kira Inna, kuma in ka ce ta nuna maka mamarta, ɗakin Inna za ta nuna. Ni kuwa Yaya take ce mini, don haka ta ji ƙannen babanta suna kirana. Ban taɓa gyara mata ba. Da wane bakin?

In ina son ta zo sai in ce, "Ke." In ta yi nisa in ce da wani, "Kira mini waccan." Shekara huɗu muna haka, ba abin da ya lalace.

Gidanmu a Jibiya yake, kusa da hanyar da manyan motoci ke bi zuwa boda. Babanta direba ne, hatsi yake ɗauka zuwa Maraɗi, wani zuwan kwana uku, wani zuwan sati. Tun tana koyon magana, in ta nemi Abba sai a ce ya tafi Maraɗi. Daga nan ta yanke wa kanta cewa duk abin da ba ya nan, Maraɗi ya tafi. In aka ɗauke wuta, ta tafi Maraɗi. Akuyar Inna da aka yanka, ta tafi Maraɗi. Wata rana tana zaune a cinyar Inna tana leƙen bakinta ta ce, "Inna, haƙoranki na nan gefen, Maraɗi suka tafi?"

Inna ta ce, "Can suka tafi, takwara."

"In Abba zai dawo ki ce ya taho da su. Ya sa su gaban mota, kar buhu ya danne su."

Ranar da ta ga babanta ya hau katanga yana ɗaga waya sama yana neman sabis, ta ruga ta gaya wa Inna wai Abba yana ba tsuntsaye waya su gaisa. Ranar kuma da wasu baƙi suka zo daga Daddara suka daɗe ba su tashi ba, ta je ta tsaya a gabansu, hannu a ƙugu, ta ce, "Yaushe za ku tafi? An ce ba za a fito da naman ba sai kun tafi." Ni na faɗi maganar a madafa, a hankali, da ƙanwar mijina. Ban ma san tana wurin ba. Inna ta bi baƙin har ƙofar gida tana cewa shirmen yara ne, su kuma suna cewa ai ba komai, kowa ya san ba shirme ba ne.

Matsalar yarinyar nan ke nan. Ba ta ƙarya. Abin da ta ji shi za ta faɗa, yadda ta fahimce shi, a inda ta ga dama.

To ƙanwata da ke aure a Maraɗi ta haihu, za a yi suna. Da Inna aka shirya za mu tafi, sai ana jibi tafiya ƙafarta ta kumbura, ko bayi sai da sanda. Ta ce in tafi da takwararta ta ga dangin uwarta. Ban taɓa fita da ita mu biyu kaɗai ba, ko asibiti Inna ke riƙe da ita ni ina biye da jaka. Ban nuna murna ba. Amma na wanke mata riguna uku tun kafin a ce in wanke.

A garinmu yanzu ba a shelar tafiya. Ba ka san kunnen da zai ji ba, ba ka san dajin da maganar za ta kwana ba. Mutum sai ya isa ake jin ya tafi. Kayan tafiya ma a buhu ake zuba su, kamar za a kai niƙa. Saboda haka da safen na durƙusa a gabanta ina ɗaura mata ɗankwali na ce, "Ke, in wani ya tambaye ki ina za mu, kar ki faɗa. Kin ji ko?"

"Ko mai shago?"

"Ko shi."

"Ko akuya?"

"Ko akuya."

Ta gyaɗa kai. Sai ta koma ɗakin Inna ta fito da wata 'yar baƙar leda ta cusa a aljihun rigarta. Na ce ta mece ce, ta ce ta zuba haƙoran Inna ce in mun same su.

A tasha bakinta bai tsaya ba. Ta tambayi wani mutum mi ya sa cikinsa ya riga shi shiga mota. Ta fara gaya wa na kusa da mu cewa muna da buhu amma ba niƙa za mu ba. Na yi maza na saya mata alawa na ce, "Ungo, sha ki yi shiru." Motar ƙarama ce, duk maza ne 'yan kasuwar hatsi, ni kaɗai ce mace, ba kuma wanda na sani a ciki. Na ɗora ta a cinyata. Ina jin ɗumin bayanta a ƙirjina har muka isa boda, ba wanda zan ji kunyarsa.

A boda kowa sauka yake yi ya bi ta gaban tebur da ƙafa ya nuna katinsa, motar ta jira a gaba. Rana ta fara zafi. Manyan motoci sun yi layi, 'yan kabu-kabu suna ta kutsawa tsakaninsu, 'yan dako na zaune a inuwar tayoyi. Yarinyar ta hango igiyar da aka gitta a hanya ta ce, "Yaya, wa ke shanya a nan? Ga igiya ba kaya." Mazan motarmu suka yi dariya. Ni ma na yi.

A teburin akwai wata mai kaki, matashiya, ba za ta girme ni da yawa ba. Daga jin Hausarta ka san koyo ta yi, ba a nan ta tashi ba. A kwanakin ana ta maganar wani yaro da aka ce ya ɓace a wata kasuwa, don haka duk mai tafe da yaro sai an tsayar da shi. Ta duba katina ta miƙo mini. Sannan ta zagayo ta durƙusa a gaban yarinyar tana murmushi.

"Sannu 'yan mata. Wannan mamanki ce?"

"A'a."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, irin yadda nake yi a gida in an zo wannan wurin.

"Ina mamanki?"

"Tana gida. Ƙafarta ta kumbura, ba ta iya tashi."

"To wannan wace ce?"

"Yaya ce. Ita ba 'yar gidanmu ba ce, kawo ta aka yi a mota."

Hoton bikina ta gani, ƙannen babanta suka yi mata bayani. Na san inda ta samo kowace kalma. Mai kakin ba ta sani ba.

"Ina za ta kai ki?"

Yarinyar ta waiwayo ta dube ni, ta sa hannu ta toshe bakinta. Ta cikin yatsun ta ce, "Ta ce kar in faɗa wa kowa. Ko akuya."

"Wa ya ba ki alawa?"

"Ita. Ta ce in sha in yi shiru."

Murmushin matar ya ɗauke kamar an hure fitila. Ta kama hannun yarinyar ta mai da ita bayanta. Ta sunkuya ta tambaye ta wani abu a kunne, yarinyar ta amsa mata a kunne. Sannan ta miƙe ta dube ni.

"Hajiya, mene ne sunan yarinyar nan?"

Na buɗe baki. Sunan yana nan, na san shi kamar yadda na san nawa, ni na sha wahalar mai shi. Amma shekara huɗu ina danne shi duk sanda ya taso, harshena ya saba kaucewa kamar jakin da ya san rami. Abin da ya fito shi ne, "Mai sunan surukata ce."

"Ban tambaye ki surukarki ba. 'Yar wa ce?"

Sai na ba ta amsar da nake ba kowa a gidan biki da gidan suna. Na ce, "Ɗiyar gidanmu ce."

Na yi ta juya wannan wurin a raina. Ni da na gama sakandare, ga biro a kan teburin, ga takarda. Da na ce ta ba ni in rubuta, da an wuce wurin. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai da muka kwana biyu a gida, ina tsakar wanke-wanke.

Ban san wa ya fara faɗa ba. Na dai ji maganar tana tafiya daga baki zuwa baki har can wajen masu sayar da mai a galan, an kama mai satar yara. Kafin in juya an kewaye mu. 'Yan kabu-kabu sun kashe babura, 'yan dako sun taso. Wani daga motarmu ya ce shi tun tasha ya ga ina toshe mata baki da alawa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ku bi a hankali, ƙila kunyar ɗan fari ce."

Aka ce masa, "Baba, ai ɓarayin yanzu har kunya sun iya."

Direbanmu ya sauko da buhuna ya ajiye a ƙasa, ya ce shi bai san ni ba, fasinja ce kawai, mutane na jiransa. Na ciro waya na kira maigidana, yana hanya, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Inna ba ta da waya. Ƙannen maigidana suna makaranta. Wayar ta suɓuce ta faɗi, wani ya ce a duba ta, a ciki za a ga waɗanda take kai wa. Masu kaki maza biyu suka zo suna tura mutane baya, amma na ga su ma idonsu na kan taron, ba a kaina ba. Akwai wani saurayi mai jar hula da ya ɗauko guntun katako. Ba ya cewa komai. Shi na fi tsoro. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙusar da ke jikin katakon, a lanƙwashe.

Duk wannan abin, ita tana kan benci an ba ta biskit, tana kaɗa ƙafa, tana yi wa mai kakin bayanin yadda haƙoran Inna suka tafi Maraɗi.

Matar ta ce za ta shiga da yarinyar ofis, ni kuma a kai ni ɗaya ɗakin. Ta kama hannunta suka nufi ƙofa. Ƙofar ƙarfe ce, kore. Na ga bayan ɗankwalin da na ɗaura da safe ya karkace, na ga 'yar ledar ta leƙo daga aljihu. Sai raina ya ba ni in ƙofar nan ta rufe, shi ke nan, ko dai ba zan ƙara ganinta ba, ko ita ta fito ta tarar da abin da katakon nan ya bari.

Ban san sanda na ƙwala kiran ba. Sunan gaba ɗaya, har da na ubanta, yadda malaminsu na Islamiyya ke kira. Muryar ma ban gane tawa ce ba.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo, biskit a baki, ta dube ni da mamaki.

"Yaya, ashe kin san sunana?"

Wasu suka fashe da dariya. Mai kakin ba ta yi ba. Ta ce, "Kun ji ko? Yarinya tana mamaki matar nan ta san sunanta." Taron ya ƙara matsowa. Abin da na zaci zai fisshe ni shi ya ƙara tura ni ciki. Na zauna a kan buhun.

A gindin wata darbejiya kusa da teburin akwai wata tsohuwa mai sayar da kwaɗon zogale, daga maganarta mutuniyar Maraɗi ce. Tun farko tana kallo. Sai ta rufe robarta da faifai, ta miƙe da ƙyar, ta ratsa mazan nan tana ture su da gwiwar hannu kamar tana ratsa gonar gero.

Ta ce, "Madam, ba ni aron ɗiyar ga kaɗan. Tambayarki ta makaranta ce. Bari in yi ta tsofaffi."

Ba ta jira izini ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta jawo yarinyar gabanta.

"Ke ƙawata, Yayar nan taki, tana bugunki?"

"A'a. Harara take."

"To in Inna ta tafi unguwa, gida ba kowa, mi Yaya ka yi miki?"

Yarinyar ta saci kallona. "Shi ma ta ce kar in faɗa."

Aka yi guna-guni. Ni kuwa a nan wani sabon tsoro ya kama ni, don na san abin da ke tafe.

Tsohuwar ta ce, "Ni kunnena ya mutu tun bara. Ko kin faɗi ba ni ji. Gwada ki gani."

Sai yarinyar ta ɗaga murya yadda ake yi wa kurma magana, har na bayan taro suna ji.

"Tana rufe ƙofa ta goya ni. Ni da na girma. Ta yi ta zagaya ɗaki da ni, tana shinshina kaina. In ta ji sallamar Inna sai ta sauke ni ta ce, ke tashi ki ba ni wuri."

Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Sai mi kuma?"

"Tana ɓoye nama ƙarƙashin tuwonta ta ba ni. Rannan da na yi zazzaɓi ta yi kuka a madafa, ta ce hayaƙi ne. Kuma ba a hura wuta ba."

"Iye. Sai mi?"

"Akwai tabo a cikinta, nan ƙasa, dogo. Wai ni na yi mata." Ta juyo wajen mai kakin, ranta a ɓace. "Ni ban yi mata ba. Ko reza ba a bari in taɓa."

Aiki aka yi mini wajen haihuwarta. Ranar da ta ga tabon ina sauya zane ta tambaya, na gaya mata gaskiya, na ɗauka ta manta. Ga shi ta zazzage a gaban 'yan dako da 'yan kabu-kabu da dattawan da ban sani ba, duk abin da na shekara huɗu ina rufe wa ƙofa. Na ja mayafi na rufe fuskata. Ban san ko kukan tsoro nake ba ko na kunya.

Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce, "Ɗiyar fari ce, wagga uwarta ce. Ku watse, marasa abin yi. Duk na farin da ke cikinku ya je ya tambayi tsohuwarsa sau nawa ta kama sunanshi."

Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Wallahi Iya, ni da 'ya'yana uku, har yau Kai take ce mini."

Aka yi dariya, irin wadda mutane ke yi in suna neman hanyar barin wuri. Na leƙa ta gefen mayafi na ga mai jar hula ya jingine katakon a jikin taya, ya karkaɗe hannu, kamar dama aikensa aka yi ya kawo shi nan.

Mai kakin ta shiga da mu ofis, mu biyu tare. Ta rufe ƙofa ta ce in yi haƙuri in nuna mata. Na nuna. Ta duba, sannan ta ba ni ruwa. Ta ce a garinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, har a manta nata sunan, ita ba ta taɓa jin inda uwa ke ɓoye shi ba. Ban ga laifinta ba, ko a lokacin. Da wata ce ta ɗauko mini yarinya, irin wannan matar zan so ta tsayar da ita. Ta ce duk da haka sai wani ya zo daga gida. Yarinyar ce ma ta warware wannan, ta ce motar Abbanta ita ce mai hoton zakara a baya, wanda wutsiyarsa ta goge. Ɗan kabu-kabun nan mai 'ya'ya uku ya ce ya san motar, ya san gidan, aka tura shi.

Bayan kamar awa ɗaya na hango Inna a bayan babur, ƙafar nan da ta kumbura a miƙe gefe guda ba takalmi, katin riga-kafin yarinyar a ƙulle cikin leda a hannunta. Matar da ko bayi sai da sanda. Ba ta dube ni ba. Ta miƙa katin ta ce, "Ɗiyarta ce. Ni riƙo nake."

Ba mu je Maraɗi ba. Aka ce ga wata mota, na ce a'a, gida. A nan ne yarinyar ta yi kukanta na farko a ranar, ta yi ta birgima a gaban ofis, wai an hana ta ɗauko haƙoran Inna ga shi ta zo da leda. Tsohuwa mai zogale ta zuba mata kwaɗo a ledar ta ce ta riƙe wannan tukuna. Ko godiyar kirki ban yi wa matar ba. Na ba maigidana saƙon turmin atamfa ya kai mata, sau biyu yana dubawa bai same ta a gindin bishiyar ba. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni zama.

Muna shiga gida, tun kafin a ajiye buhu, yarinyar ta ce, "Inna, Yaya ta kira sunanki da ƙarfi a gaban maza. Ko Hajiya ba ta sa ba."

Na so ƙasa ta tsage. Inna da ta riga mu isa a babur tana kwance ƙafarta a kan matashi ta ce, "Na ji labari. Suna ai ba ya ƙarewa don an kira shi." Sai ta ce, "Zo nan, takwara. Kin ga waccan? Ita ta haife ki. In mai kaki ya sake tambayarki, ita ce mamanki."

"To ke fa?"

"Ni Abbanki na haifa."

"Da gemun nashi?"

Ƙannen mijina suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Ita ba ta yi ba, tana tunani. Can ta ce, "To mi ya sa ba ta faɗa ba?"

Inna ta ce, "Kunya take ji."

Yarinyar ta dubi rigarta, ta dubi ƙafafunta da suka yi futu-futu da ƙasar boda. Ta ce, "Ni ce abin kunyar? Ai in aka yi mini wanka ina da kyau."

Wannan ma an yi masa dariya. An ma fi maimaita shi in baƙi sun zo. Ni shi ne ban iya yi wa dariya ba. Katakon mai jar hula yana zo mini in na ji hayaniya a waje, wannan kuwa ba ya jiran hayaniya, ina tsakar shara zai zo.

Da babanta ya dawo aka ba shi labari, ya fara dariya, da aka zo wajen katako ya daina. Ya fita ya dawo da katin riga-kafin an yi masa kwafi biyu, ya ce ɗaya ya zauna a jakata ko maƙwabta zan shiga. Yana nan a jakar. Ina duba shi fiye da yadda ya kamata.

Kullum da safe in ina ɗaura mata ɗankwali sai in yi mata jarrabawa, a hankali yadda ba mai ji.

"Wace ce ni?"

"Yaya."

"In mai kaki ya tambaya fa?"

"Mama." Sai ta ƙara da nata. "Mama ta boda, Yaya ta gida."

Na bar ta a haka. Ban san yadda ake kwance shekara huɗu a sati biyu ba, kuma ni kaina in Inna na tsakar gida har yanzu Ke nake cewa.

Sai shekaranjiya da hantsi. Na fito daga madafa ban gan ta ba. Ba ta ɗakin Inna, ba ta wajen awaki. Wata babbar mota tana wucewa a hanya, ƙyauren waje a buɗe. Na ce, "Ke." Shiru. Na ƙara, "Ke." Shiru. Ban tsaya neman wanda zai kira mini waccan ba. Na tsaya a tsakiyar gida, ludayi a hannu, na kira sunan.

Murya biyu suka amsa tare. Ɗaya daga zaure, inda take tsugune tana ba tururuwa garin biskit. Ɗaya daga ɗakin Inna.

Sai na ji tsohuwar ta gyara kwanciya, gadon ya yi ƙara, ta ce, "Na san ba ni ba ce. Bakina ne ya saba. Kira abinki."